Zanen Warwara: Yadda Ake Karanta Hoton Na'ura Gaɓa-Gaɓa

An shirya wannan darasi domin hakimai da dagatai da malamansu, musamman na ƙasar Gwarzo da Kabo, waɗanda koke-koken talakawa kan bi ta hannunsu kafin su isa ga hukuma. Maganar da ke cikinsa ta wani irin zane ce da akan samu a littattafan da ke zuwa tare da injuna. Mutane da yawa sukan buɗe shafin, su ga ƙarafa barkatai da lambobi, su rufe. Alhali kuwa wannan shafi shi ne mafi amfani a littafin duka.

1. Abin da ya kawo maganar

A zamanin da, kayan aikin ƙauye duka na gida ne. In fartanya ta karye sai a kai wa maƙeri, in guga ya yage sai a kai wa baduku, ƙota kuwa aikin masassaƙi ce. Kowane yanki yana da sunansa na Hausa wanda yaro ma ya sani. Tun wajen 1928, da aka soma koya wa manoman Arewa huɗa da garmar shanu, kayan ƙarfe na ƙetare suka yi ta shiga karkara. Haka keke da keken ɗinki da injin niƙa suka yaɗu. Bayan an kafa Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako ya ɗora harsashin gina madatsun ruwa. Aka gama ta Tiga a 1974, aka ci gaba da aikin bayansa, har wannan yanki ya sami madatsun Guzu-Guzu da Magaga da Pada. A cikin shekarun 1980 kuma hukumar KNARDA ta haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, ta kuma yaɗa ƙananan injunan ban ruwa ga masu noman fadama.

To, waɗannan na'urori sun zo da amfani mai yawa, amma sun zo da wata wahala, watau yawancin gaɓoɓinsu ba su da suna a bakin masu aiki da su. A ce famfon tuƙa-tuƙa na wata unguwa a Masanawa ya daina ba da ruwa. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malami ya rubuta takarda cewa famfo ya lalace ana neman taimako. Wanda takardar ta isa gare shi bai san wane irin famfo ba ne, balle abin da ya lalace a cikinsa. Ko kuwa jama'a su yi karo-karo, su aiki yaro kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ya je ya ce da mai kanti yana son robar nan mai kama da ƙoƙo. Mai kanti ya ba shi wadda ya zata. A dawo a ga ba ta shiga ba. Kuɗin mota ya tafi, kwana ya tafi, mata da yara kuwa sun koma ɗiban ruwan kududdufi.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Kurkunu, wanda kan kwantar da manomi a tsakiyar damina, an rabu da shi a Nijeriya, an kuma tabbatar da haka a 2013, kuma ruwa mai tsabta yana cikin manyan dalilan nasarar. Amma kwalara da zazzaɓin taifot suna nan, suna kuwa bin ruwa mai ƙazanta. Ashe ke nan sanin sunan ƙaramar roba yana iya tsare lafiyar unguwa guda.

2. Mene ne zanen warwara

Zanen warwara shi ne hoton na'ura wanda aka zana kowace gaɓa tata a ware, kusa da 'yar'uwarta, bisa tsarin da suke shiga juna. Turawa sun ba shi suna mai ma'anar abin da ya fashe ya tarwatse, amma tarwatsewar tana da tsari. Mai karatu ya ɗauki misali da carbi. In aka ja 'ya'yansa aka nesanta su a kan zare, kowane ɗa yana bayyana sarai, ga na gabansa ga na bayansa, babu wanda ya sauya wuri. Da an sake su sai su koma su haɗe yadda suke. Haka wannan zane yake. A madadin zare, akwai siririn layi mai tsinkewa wanda ke ratsa tsakiyar gaɓoɓin.

Kada a haɗa shi da wasu iri biyu da su ma akan gani. Na farko shi ne zanen awo, wanda ke nuna gaɓa ɗaya ta gaba da ta gefe da ta sama, da tsawonta da kaurinta. Wannan na mai ƙira ne. Na biyu shi ne zanen yanka, inda ake nuna na'ura kamar an tsaga ta biyu yadda ake tsaga kabewa, don a ga cikinta tana haɗe. Wannan na mai son ya gane yadda take aiki ne. Shi kuwa zanen warwara yana amsa tambayoyi uku kawai: gaɓoɓi nawa ne, wace ke bin wace, kuma me ake kiran kowace. Su ne kuwa tambayoyin mai gyara da mai saye.

Yawanci akan zana shi a karkace, yadda ido zai ga sama da gefe biyu a lokaci guda. Layukan tsaye suna nan a tsaye, na kwance kuwa akan karkata su digiri 30. Wani malami a Jami'ar Kambirij ta Ingila, William Farish, shi ya tsara ƙa'idodin wannan karkatarwa a 1822. Amfaninta shi ne abin da ke nesa ba ya ƙanƙancewa kamar yadda yakan yi a hoton kyamara.

3. Asalinsa

Tun da daɗewa masana suka gane cewa baki kaɗai ba ya iya kwatanta na'ura, gama gani ya kori ji. A shekarar 1206, Isma'il al-Jazari, injiniyan sarkin Amid, garin da yanzu ake kira Diyarbakir a ƙasar Turkiyya, ya gama littafinsa mai bayanin na'urori 50, cikinsu har da na ɗaga ruwa. Ya sa wa gaɓoɓin haruffa a jikin zane, ya kuma yi bayanin kowane harafi a cikin rubutu, wasu gaɓoɓin ma ya zana su dabam.

A ƙarni na 15, a garin Siyena na ƙasar Italiya, Mariano Taccola ya riƙa zana gaɓoɓin na'ura a ware cikin littattafansa, Francesco di Giorgio ya bi sahunsa. Sa'an nan Leonardo da Vinci, wanda ya rayu daga 1452 zuwa 1519, ya kyautata dabarar ƙwarai. Akwai wani zanensa na na'urar ɗaga kaya, wadda ya nuna a haɗe a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma ya jera ƙafafunta masu haƙora a ware bisa sanda guda. Takardar tana ajiye a birnin Milan. A 1556 aka buga littafin Georgius Agricola kan haƙar ma'adinai, inda akan zana famfo yana aiki, a ƙasa kusa da shi kuma ga gaɓoɓinsa a shimfiɗe da haruffansu.

Amma abin bai zama ruwan dare ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945. A lokacin an ɗauki dubban mutane waɗanda ba su taɓa aikin ƙarfe ba, aka sa su haɗa jiragen sama da motoci da gyara su. Ba su iya karanta zanen awo ba, ba kuwa lokacin koya musu. Sai aka ga zanen warwara kowa yana gane shi cikin ɗan lokaci. Tun daga nan ya zauna a littattafan kayan gyara. A lura da wannan: an yaɗa shi ne domin waɗanda ba injiniyoyi ba.

4. Yadda ake karanta shi

Na ɗaya, a fara duba kan shafi, a tabbata sunan na'ura da samfurinta sun dace da abin da ke rubuce a jikin na'urar da ta lalace. Injunan ban ruwa sukan zo da ɗan allon ƙarfe ko takarda manne a jiki mai ɗauke da wannan bayani.

Na biyu, a nemi gaɓa mafi girma wadda ido ya saba da ita, kamar gangar jikin inji ko hannun famfo. Ita ce uwa, daga gare ta sauran suke fita.

Na uku, a bi layin tsakiya da yatsa. Duk abin da ke kan layi ɗaya, a rami ɗaya ko a sanda ɗaya yake zama. In layin ya yi kwana, don ƙarancin fili ne a takarda, sai a ci gaba da binsa.

Na huɗu, a san cewa gaɓar da ta fi nisa da uwa ita ake fara kwancewa, ita kuma ake mayarwa a ƙarshe. Kwancewa daga waje take zuwa ciki, haɗawa daga ciki zuwa waje.

Na biyar, a lura da inda kowace gaɓa ta fuskanta. Roba mai baki, ko washa mai kumburi a gefe ɗaya, in aka juya ta baibai za ta shiga, amma ba za ta yi aiki ba.

Na shida, a kula da lambobi, domin a nan aka fi yin kuskure. Kowace gaɓa tana da 'yar lamba, sau da yawa cikin da'ira, da siririn layi da ke nuna ta. Wannan lambar shafi ce kawai, aikinta ta kai mai karatu ga jadawalin da ke ƙasa ko a shafi na gaba. A jadawalin ne za a sami suna, da adadin da ake bukata, da wata doguwar lamba, watau lambar gaɓa. Ita ce mai kanti ya sani. Wanda ya rubuta lamba 7 kaɗai bai faɗi kome ba, don kowane shafi yana da tasa lamba 7.

5. Misali da famfon tuƙa-tuƙa

Famfunan hannu da aka fi sani a karkarar Afirka iri biyu ne. Akwai India Mark II, wanda aka tsara a Indiya a cikin shekarun 1970 da haɗin gwiwar gwamnatin ƙasar da hukumar UNICEF. Akwai kuma Afridev, wanda aka soma a Malawi aka kyautata a Kenya a cikin shekarun 1980. Dukansu ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, an saki zanensu ga kowa, shi ya sa masana'antu da yawa ke ƙera su.

Zanen India Mark II yakan kasu uku. Kashi na farko shi ne kai, wanda ke bisa ƙasa. A nan za a ga hannu, da sandar da yake juyawa a kanta, da boris biyu, da washa da noti, da gajeriyar sarƙa da ke rataye a bakin hannun. Kashi na biyu shi ne bututu da rodin da ke cikinsa. Kowane yana da tsawon mita 3, ana ɗaura su ɗaya bisa ɗaya. Saboda haka in silinda tana zurfin mita 30, bututu 10 ne da rodi 10, ko da yake a zane ɗaya kawai akan nuna, adadin kuwa ya danganta da zurfin rijiya. Kashi na uku shi ne silinda, wadda ke nutse cikin ruwa. A cikinta akwai fistin mai robobi biyu masu siffar ƙoƙo, da bawul na sama a jikin fistin, da bawul na ƙasa a gindin silinda.

In aka danna hannu ƙasa, sarƙa takan ja rodi sama, fistin ya ɗaga ruwan da ke kansa, bawul na ƙasa ya buɗe sabon ruwa ya shigo. In aka ɗaga hannu, nauyin rodi yakan mai da fistin ƙasa, bawul na ƙasa ya rufe, na sama ya buɗe ruwa ya haye kan fistin. Robobin nan biyu bakinsu sama yake kallo, don nauyin ruwa ya buɗa su su manne da bangon silinda. Zane yana nuna haka sarai ga wanda ya duba.

Wanda ya gane wannan zai iya kintatar ciwon tun daga bakin rijiya. In hannu ya yi sakayau babu nauyi babu ruwa, galibi sarƙa ce ta tsinke ko rodi ya kwance. In ruwa yana zuwa amma kaɗan-kaɗan, robobin fistin sun cinye. In da safe sai an daɗe ana tuƙawa kafin ruwa ya fito, to, ruwan da ke bututu yana zurarewa da dare, ko ta bawul na ƙasa ko ta mahaɗar bututu. In hannu yana rawa hagu da dama yana ƙara, boris ne ya mutu.

Banbancin famfunan biyu babba ne. A India Mark II ba a kai wa ga fistin sai an ciro bututu duka, aikin da ke bukatar ƙwararren makanike da kayan aiki da ƙarfafan mutane. A Afridev kuwa bututun roba ne mai faɗi, ana zaro rodi da fistin da bawul na ƙasa ta cikinsa ba tare da an taɓa shi ba, don an tsara shi ne domin mutanen gari su iya gyara da kansu. Robar wannan ba ta shiga wancan. Takardar da ba ta faɗi irin famfo ba, rabin takarda ce.

6. Zuwan kwamfuta

Da can mai zane yakan zauna da allo da fensir da ma'auni, ya yi kwanaki a kan shafi ɗaya. In aka sauya noti guda sai ya kankare ya sake. A 1963 Ivan Sutherland, ɗalibi a makarantar MIT ta Amurka, ya nuna wata manhaja mai suna Sketchpad wadda ake zane da ita a fuskar kwamfuta. A 1982 AutoCAD ta fito, ta kawo wannan aiki ga ƙananan kwamfutoci, SolidWorks kuma ta biyo a 1995. Akwai ma irin su FreeCAD waɗanda ake samu kyauta.

Ga yadda aikin yake a yanzu. Injiniya yakan gina siffar kowace gaɓa a cikin kwamfuta da tsawonta da faɗinta da kaurinta. Sa'an nan ya haɗa su, yana gaya wa kwamfuta cewa wannan sanda a wannan rami take, wannan fuska a kan waccan take kwance. Bayan haka sai ya ja gaɓoɓin ɗaya-ɗaya ya nesanta su, kwamfuta ta taimaka wajen ja layukan tsakiya da sa lambobi da cika jadawali. In daga baya aka sauya wata gaɓa, zanen da jadawalin sukan sauya tare. Har ana iya sa na'urar ta riƙa warwarewa tana haɗuwa a fuskar waya, mai kallo yana juya ta yadda ya so.

Riba biyu ke nan ga mutanen karkara. Ta farko, littattafan kayan gyara da yawa suna intanet, ana iya sauko da shafin da ake so a buga shi a takarda. Ta biyu, wannan sana'a ce da yaran gida za su iya koya. Ana koyar da zanen fasaha a kwalejojin koyon sana'a, ana kuma zurfafa shi a sassan injiniya na Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa babbar makarantar kimiyya da fasaha a Kabo. Yaron da ya iya wannan aiki yana iya zana injin casa ko na niƙa da maƙeran zamani ke haɗawa a gida, waɗanda yawanci ba sa zuwa da littafi ko kaɗan.

7. Abin da zanen ba ya faɗa

Kowane abu da iyakarsa. Zanen warwara ba ya ba da awo, saboda haka kada a ɗora ma'auni a kan hoto a ce an sami girman gaɓa. Ba ya faɗin ƙarfin da za a ɗaure noti, ko inda za a sa giris, sai an karanta bayanin da ke tare da shi. Ba ya rarrabe kaya mai kyau da jabu. Kamfani kuma yakan sauya wata gaɓa bayan 'yan shekaru alhali sunan inji bai sauya ba, don haka a duba shekarar littafi. Har wa yau, gane zane bai mai da mutum makanike ba. Ciro bututu daga rijiya aiki ne mai haɗari, in ya kuɓuce ya faɗa ciki ana iya hasarar rijiyar ɗungum.

8. Abin da ake so daga hakimai da malamai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana so kowane ofishin hakimi ya buɗe littafi na famfunan ƙasarsa, a rubuta unguwa, da irin famfo, da shekarar da aka kafa shi, da yawan bututun da aka zura, da sunan mai kula da shi. Duk lokacin da aka zo kafa sabon famfo ko injin jama'a, dagaci ya nemi littafinsa tun masu aikin ba su tashi ba. A yi kwafi biyu na shafin zanen warwara, ɗaya a ofis, ɗaya wurin mai kula, a sa a leda saboda gara da laima. Ya kyautu malami ya zauna da makaniken gari su rubuta sunan Hausa kusa da kowace lamba, yadda masu aiki ke kiranta.

In za a rubuta takardar neman gyara ko a aika saye, a sa abubuwa biyar: wurin da na'ura take, irinta da samfurinta, alamar da aka gani, suna da lambar gaɓa daga jadawali, da adadin da ake so. Wanda aka aika ya tafi da kwafin shafin, an kewaye gaɓar da jan biro, ya kuma riƙe tsohuwar a hannu don gwadawa. Mai gyara kuwa ya share wuri ya shimfiɗa buhu mai tsabta, ya jera abin da ya kwance bisa tsarin da ke takarda, kada yara su taɓa. In an gama haɗawa aka ga washa ɗaya ta rage a kan buhu, aiki bai ƙare ba.

Tambayoyi

1. Wane banbanci ke tsakanin zanen warwara da zanen awo da zanen yanka?
2. Mene ne aikin layin tsakiya?
3. Wace lamba ake kai wa mai kanti, kuma a ina ake samunta?
4. In silinda tana zurfin mita 36, bututu nawa ke cikin rijiyar?
5. Famfo ba ya ba da ruwa da safe sai an daɗe ana tuƙawa. Waɗanne wurare za a tuhuma?
6. A rubuta takardar neman gyara ta famfo ɗaya na ƙasar hakimi, da abubuwan nan biyar a cikinta.